An ba ni aikin tekinishan a ɗakin binciken fiziks na jami'a: in rufe shago in tafi?

Sani_Inbata:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya ga aikin nan da idonsa ya taimaka ya yi magana. Na gama HND a fannin lantarki shekara shida da suka wuce. Tun da na dawo daga bautar ƙasa ina da ɗan shago a Tudun Wada, ina gyaran inbata da cajar sola da sitabilaiza, wani lokaci har talabijin. Alhamdulillahi ina rufa wa kaina asiri. Bara na cike takardar neman aiki a wata jami'a har na manta da ita, sai makon jiya aka kira ni. Sun ɗauke ni in riƙa kula da na'urorin lantarki a ɗakin bincike na sashen fiziks, wanda masu digiri na biyu da na uku ke aiki a ciki. An ba ni mako biyu in kai amsa.

Damuwata biyu ce. Albashin bai kai abin da nake samu a shago a watannin zafi ba, lokacin da inbatoci ke ƙonewa. Sannan ni ban ma san mene ne aikin ba. Ranar da na je ganawa na hango akwatunan ƙarfe jere a kan kanta, wayoyi sun fito ta ko'ina, babu wadda na taɓa buɗe irinta. Mahaifiyata ta ce in karɓa. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce kada in kuskura. Me ake yi a wurin nan daga safe zuwa yamma? Kuma ya cancanci mutum ya bar sana'arsa dominsa?

Garba_Panteka:
Wa alaikumus salam. Sani, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Maigidanka ya san abin da yake faɗa. Ka tuna 2022, daga Fabrairu har Oktoba jami'o'in gwamnati suna rufe saboda yajin aiki. Na san ma'aikacin jami'a da ya dawo nan Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, yana taya mu naɗin taransifoma kafin a buɗe. Yanzu ne sola take tashe a garin nan, tun da fetur ya yi tsada kowane gida na neman inbata. A wannan lokacin za ka bar kasuwa?

Ɗan_Rigasa:
Karɓi aikinka kawai. Akwai fansho. Shago ba ya biyan mutum ranar da ya kwanta ciwo.

Baba_Mai_Soda:
Ɗana Sani, shekara 33 na yi a irin ɗakin da ka leƙa kafin in yi ritaya. Tambayarka ta kuɗi ba zan taɓa ta ba, kai ka san nauyin gidanka. Ta biyun zan amsa.

A shago in an kawo maka inbata ta mutu, ka canza mosfet, ka kunna, fanka ta juya, fitila ta kama, magana ta ƙare, a biya ka. A ɗakin bincike na'ura za ta kama, fitilunta duk su yi kore, lambobi su riƙa fitowa a allo, alhali ƙarya take yi. Babban aikinka shi ne ka gane ranar da ta fara ƙarya. Kai ka saba da volt 12 da 24 da 230. Can abin da ake aunawa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na volt ba, wani lokaci ma kashi ɗaya cikin miliyan. Wutar bango kuwa tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar tana shiga kowace waya da ta samu hanya. Mu hayaniya muke ce mata. Rabin rayuwata farautarta na yi.

Bari in ba ka labari ɗaya. Akwai shekarar da wani ɗalibi ya fara awonsa a Agusta, komai lafiya lau. Da aka shiga Disamba sai sakamakon ya fara rawa. Malaminsa ya ce bai iya aiki ba ne, yaron har ya rame. Na canza kebul, na canza amfilifaya, na ɗauko wani osiloskof, wato na'urar da ke zana yadda wuta ke kaɗawa a allo, babu canji. Sai wata safiya ina wucewa ta bayan ginin na ga ƙasar wurin ta tsage saboda bushewa, daidai inda aka kafa sandar at, wato sandar ƙarfe da ake sokawa a ƙasa a haɗa na'urori da ita don wutar da ba a so ta zube ƙasa. Da damina ƙasa na jiƙe, at yana aiki. Da hunturu ya shigo ƙasa ta bushe, sandar ta zama kamar an soke ta a cikin toka. Muka tona, muka zuba gawayi da gishiri, muka kwarara ruwa. Kafin azahar layin da ke allon ya kwanta. Babu littafin da ya zo da na'urar da zai gaya maka haka, domin waɗanda suka ƙera ta ba su san hunturun Kaduna ba.

Injiniya_Kakuri:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Labarin nan ya yi daɗi, amma a ba ni dama in ƙara abu ɗaya don masu karatu. Gishiri yana saukar da juriyar ƙasa nan take, sai dai yana cin sandar, bayan 'yan shekaru ka tona ka tarar ta rube. Yanzu mun fi amfani da bentonait, wani irin yumɓu mai riƙe danshi, ko a kafa sanduna da yawa a haɗa su, ko a zurfafa har inda ƙasa ba ta bushewa. Kuma a auna da mita ta awon at a watan Maris, lokacin da fari ya kai maƙura. Wanda ya auna a Agusta ya yaudari kansa.

Baba_Mai_Soda:
Gaskiyarka ce Injiniya. Sandar nan kuwa sai da muka canza ta daga baya. A lokacin abin da ke hannunmu ke nan.

Bashir_UnguwanSarki:
Kafin a yi nisa, Malam Sani ka koma ka karanta takardar ɗaukarka da kyau. Ka ce tekinishan. A tsarin jami'a mai ND ne ake ɗauka a wannan layin, mai HND kuwa teknolojis ne, kuma matakin farawarsu da inda suke tsayawa ba ɗaya ba ne. In aka rubuta maka ƙaramin ka sa hannu, za ka yi shekaru kana rubuta wasiƙa kafin a gyara. Albashin a kan tsarin CONTISS yake, na malamai kuma CONUASS. Ƙungiyarku ita ce NAAT. Ka kuma tambaya wace rajista suke so, ta NISLT da ke Ibadan mai kula da masu aikin ɗakin gwaji, ko ta COREN mai kula da injiniyoyi tun da karatun injiniya ka yi. Shekarun ritaya 65 ne ga wanda ba malami ba, bisa dokar 2012.

Sani_Inbata:
Malam Bashir na gode, na duba. Teknolojis aka rubuta. Ni ne na saba da cewa tekinishan. Baba, wallahi labarinka ya sa gabana ya faɗi kuma ya sa ina son in ga wurin. A shago ban taɓa auna at ba, in dai waya ta shiga ƙasa shi ke nan.

Ummu_Hafsat:
Ƙanena Sani, ni yanzu haka wannan aikin nake yi, shekara tara ke nan. Zan gaya maka yadda yinina yake.

Ɗakinmu na awon radiyeshan ne. Ana kawo mana ƙasa daga wuraren haƙar ma'adinai, ruwan rijiya, siminti, har hatsi, a auna a ga abin da ke ciki. Da na shigo da safe ba na taɓa samfurin kowa sai na tabbatar na'urar na kan saitinta. Muna da 'yan ƙananan ma'aunai, wato sinadarai masu fitar da radiyeshan da aka san ƙarfinsu, kowanne yana fito da tsini a zanen da ke allo. Siziyom 137 dole tsininsa ya fito a 662, kobalt 60 kuma a 1173 da 1332. In ya goce, akwai magana. Ditektarmu, wato na'urar da ke kama radiyeshan, ta sodiyom ayodaid tana jin zafi kamar mutum. In aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zuwa la'asar tsinin ya matsa daga inda yake da safe. Ɗalibin da bai sani ba zai rubuta lambar haka nan ya tafi da ita. Shi ya sa nake da littafi, kullum ina rubuta zafin ɗaki, ƙarfin wuta, da inda tsini ya tsaya. Shekara tara ban tsallake rana ba sai ranar da ba na nan.

Ɗaya ditektar ta jamaniyom ce, ita kuma ruwan naitirojin take sha, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. In ya ƙare ta ɗumame kuma wani ya kunna mata babbar wutar lantarki, an yi asarar da ba a son faɗa. Don haka neman naitirojin ma yana cikin aikina, har ranar hutu. Sauran lokacin kuma gyaran fawa saflai, haɗa kebul, ƙera ƙaramin allo da Arduino don ɗalibi ya riƙa ɗaukar awo, da lallaɓa tsohuwar kwamfutar da manhajar na'urar ba ta aiki a kan kowace sai ita.

Abin da ya riƙe ni a aikin kuwa: ranar da aka kawo ruwan rijiyar wani ƙauye aka ce a duba ko mutane za su ci gaba da sha, na san amsar da za a ba su ta biyo ta hannuna. In saitina ya karkace, ko a tsorata mutane a banza, ko a bar su da abin da zai cutar da su.

Maman_Khalifa:
Anti Ummu, don Allah radiyeshan ɗin nan ba ya hana haihuwa? Ƙanwata tana karanta fiziks, ance kada ta kuskura ta shiga irin wannan ɗakin.

Ummu_Hafsat:
'Yar'uwa, 'ya'yana uku, biyu na haife su ina wannan aikin. Ma'aunan da muke amfani da su ƙanana ne, a cikin akwatin dalma suke, ana ɗauko su da ɗan hantsaki a mayar. Kowannenmu yana rataye da ɗan baji mai ƙirga abin da jiki ya ɗauka, ana karanta shi lokaci lokaci kamar yadda NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa, ta shar'anta. Mai juna biyu kuma ta sanar da wuri a sauya mata aiki. Ƙanwarki ta yi karatunta. Abin da na fi tsoro a ɗakin nan babbar wuta ce.

Baba_Mai_Soda:
Ummu ta taɓo inda nake so. Sani, ka san yadda kafasito na inbata ke riƙe wuta bayan an kashe. To can za ka haɗu da fawa saflai mai ba da volt 1,000 zuwa 3,000, wani ya fi haka. Ka kashe, ka cire daga bango, ka jira, ka sauke abin da ya rage a kafasito ta cikin rezisto, ka auna, sannan ka sa hannu. Hannu ɗaya a aljihu. Kada ka yi wannan aikin kai kaɗai a ɗaki. Kada kuma ka ɗauki kan BNC na sigina ka sa a layin babbar wuta don ya yi kama da shi, akwai nasa daban, SHV. Wani yaro da na koya wa aiki ya yi wannan gangancin, Allah ya kiyaye bai rasa ransa ba, amma tabon yana nan a yatsansa.

Hunturu kuma yana da sharri na biyu. In iska ta bushe, jikinka yana tara wutar da kake jin ta ɗan tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tsunkulin ya isa ya kashe transisto na farko a cikin amfilifayar ditekta. Ka ɗaura abin hannu mai haɗe da at kafin ka buɗe.

Yohanna_Barnawa:
Kowa na faɗin daɗin aikin, bari ni in faɗi abin da ya kore ni. Shekara biyar na yi na ajiye, yanzu ina gyaran na'urorin asibiti. Aikin kansa ina son shi har gobe. Amma za ka kwana uku kana ƙera wa mutum abin da zai yi awo da shi, kai ka zana, kai ka yi soda, kai ka gano inda yake ba da matsala, kai ka tsaya da ɗalibin har dare. Takarda ta fito a mujallar ƙasar waje da sunaye biyar, har da wanda bai taɓa taka ɗakin ba, naka babu ko a layin godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su da wannan takardar ake ƙara musu girma. Kai kuma in na'ura ta lalace sunanka ne farko a bakin kowa.

Na biyu, za a sayo na'ura ta miliyoyi a yi bikin buɗewa, amma ba a ware ko sisi na kula da ita ba. Fiyus na musamman ya ƙone, ka rubuta takarda, ta yi wata huɗu tana yawo daga ofis zuwa ofis. Da kuɗin aljihuna na sha sayen dalma da fulas. Ka shirya wa wannan.

Abba_Kawo:
Oga Yohanna bai yi ƙarya ba. Ni ɗalibin digiri na uku ne, kuma ba don teknolojis ɗinmu ba da tuni na tattara na koma gida. Wata uku ina fama da wani zane mai kama da haƙorin zarto a kan siginata. Shi ya zo ya tsaya, bai taɓa komai ba, ya ce a kashe inbatar ɗakin a koma kan batir zalla. Zanen ya ɓace. Ashe inbatar ce mai rahusa, ba ta ba da wuta mai santsi. Daga baya ya gano cewa na'urori biyu kowace da hanyarta ta zuwa at, wuta tana zagayawa tsakaninsu ta cikin rigar kebul. Ya mayar da su wuri ɗaya. Na sa sunansa a takardata ta farko, na kuma sha tambaya a kan haka.

Wannan abin ma ya daɗe. J.J. Thomson da ya gano ilektiron a Kambirij a 1897, kwalaben gilashin da ya yi gwajin da su mataimakinsa Ebenezer Everett ne ya hura su. Kowane ɗan sakandare ya san Thomson. Everett fa?

Dakta_Malali:
Ni malamin fiziks ne, kuma na karanta maganar Malam Yohanna sau biyu. Ba zan kare mu ba, abin da ya faɗa yana faruwa, ni ma a farkon aikina na yi wannan kuskuren. Yanzu ƙa'idata ita ce: wanda ya yi gyara na yau da kullum, godiya da sunansa cikakke. Wanda ya zana ko ya ƙera wani abu da in babu shi babu awon, sunansa na cikin marubuta, kuma ya karanta takardar kafin ta fita.

Malam Sani, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. A Satumbar 2011 wani babban gwaji mai suna OPERA ya ba da sanarwar cewa wasu ƙwayoyi da ake kira niyutirino, da aka harbo daga cibiyar binciken fiziks ta CERN kusa da Janiba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun iso da wuri da kimanin nanosakan 60 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa) fiye da yadda haske zai iso. Da ya tabbata, da ka'idar Einstein ta girgiza. Duniya ta ɗauka. A Fabrairun 2012 aka gano cewa kan wata wayar faiba mai kai siginar GPS zuwa agogon gwajin ne ba a ɗaure shi da kyau ba. Masana sama da ɗari, kuɗi masu yawa, kan waya ɗaya. Mutumin da ke duba kan wayar nan kimiyya yake yi, ko da me aka rubuta a takardar albashinsa.

Kuma ba sai an je Turai ba. Nan Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, da ta fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi, aka mayar da tsohon Sin. Fiye da shekaru ashirin tana aiki, kuma duk mai hankali ya san akwai masu kula da na'urorin sarrafa ta a tsaye kullum.

Yohanna_Barnawa:
Dakta na gode da ka faɗi gaskiya. Amma irinku nawa ne? Kuma ƙa'idarka a zuciyarka take, ba a rubuce take a dokar sashe ba. Ranar da aka canza shugaba sai yadda ta yiwu.

Dakta_Malali:
Haka ne. Na taɓa kawo maganar a taron sashe, ba ta wuce ba. Zan sake kawowa.

Garba_Panteka:
To kun ji. Suna babu, kuɗi babu, dalma ma daga aljihunka. Ni ban ga abin da ya canza maganata ba. Mu nan in ka ƙera injin niƙa, mai shi ya san wanda ya ƙera, ya kuma turo maka ɗan'uwansa.

Nura_HND:
Duk wannan matsalar daga bambancin HND da digiri ta samo asali. Mun fi su iya aiki da hannu, sun fi mu matsayi. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambancin a 2021, ba a sa masa hannu ba har wa'adinta ya ƙare a 2023. Ga hedikwatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, a nan Kaduna, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta samo asali tun 1956, garin nan cike yake da masu HND, amma har yau ana kallonmu kamar 'yan rakiya.

Bashir_UnguwanSarki:
Nura, maganarka tana da tushe, amma a ɗakin bincike ba takarda kaɗai ce ta raba ba, layin aiki ne. Akwai mai digiri a layin teknolojis, shi ma abin da ya samu Yohanna yana samunsa. Wani abin kuma da ba a faɗa wa Sani ba: zama a cikin jami'a yana sauƙaƙa ƙaro karatu. Mutum ya yi PGD, wato difloma ta gaba da HND ko digiri, ya yi digiri na biyu, in yana so ya nemi sauya layi. Na ga waɗanda suka yi.

Baba_Mai_Soda:
Ni ma na gani, kuma duk wanda ya ƙware sai ya tsallaka ya zama malami, ɗakin ya koma babu kowa. Ban ga laifinsu ba. Amma shi ya sa za ka shiga wasu ɗakunan ka tarar da na'urori a lulluɓe da leda an ce sun mutu. Kafin in bar aiki na tayar da bakwai daga cikin irinsu. Huɗu kafasito ne kawai suka bushe. Kafasito mai ruwa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa, ka kwatanta da ɗakin da ba sanyi a watan Afrilu. Biyu kuma kyauta ce daga Amurka, na volt 110, wani ya soka su a bangonmu kai tsaye. Taransifomar ɗaya a Panteka aka naɗa mini ita, Malam Garba, kuma ta yi aiki fiye da shekara goma. Ku da mu ba mu taɓa rabuwa ba.

Garba_Panteka:
Wannan kam haka ne Baba. Har yanzu suna zuwa, musamman masu neman akwatin alminiyom da farantin jan ƙarfe.

Ɗan_Rigasa:
Ni ban ga abin wahala ba. Ya karɓi aikin, ya riƙa buɗe shago da yamma da Asabar. Kowa haka yake yi.

Barista_Hauwa:
Malam, kowa na yi ba ya mayar da abu halal a doka. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka cire. In jami'ar ta gwamnati ce, wannan ya shafe shi. In ta kuɗi ce, sai ya karanta sharuɗɗan aikinsu. Ya san wannan tun yanzu ya fi ya ji shi daga bakin mai neman sa da sharri.

Sani_Inbata:
Barista na gode, wannan ban sani ba sam. Ta gwamnati ce. Ina da ƙane da ya shekara huɗu a hannuna, ya iya aiki, in ta kama sai in bar masa shagon gaba ɗaya. Amma kwastomomi ni suka sani.

Jiya na koma wurin ba tare da an kira ni ba. Na samu dattijon da zan gada, saura masa wata biyar. Ya ajiye mini wata fawa saflai ya ce tana ba su matsala. Na buɗe, na ga kafasito biyu sun kumbura, na canza, na auna da maltimita, volt 12 cif. Na ce an gama. Ya yi shiru, ya jawo osiloskof ya ɗora, ya yi ta murɗa maɓalli yana ƙara girman abin da ke allo, sai ga layin da na ɗauka a miƙe yake yana rawa. Ya ce wannan rawar a shagonka ba komai ba ce, a nan ta fi abin da yaron can yake aunawa girma. Muka zauna har bayan la'asar kafin muka gano wani dayod ne ke yoyo. Rabon da in manta da cin abincin rana saboda aiki tun ina makaranta. Da na dawo kuma na tarar da inbata uku suna jirana, kuɗinsu ya kusa rabin albashin da aka yi mini alkawari. Har yanzu ban yanke ba. Saura kwana huɗu, ina ta istihara.

Ummu_Hafsat:
Wata biyar tare da wannan dattijon ba ƙaramin abu ba ne, ƙanena. Ni da na zo wanda na gada ya riga ya tafi, ko takarda ɗaya bai bari ba, shekara biyu na yi ina laluben inda kowace waya ta nufa. In ka karɓa, ka sayi babban littafi tun ranar farko, duk abin da ya faɗa ka rubuta, har da wace na'ura ce ba ta son a kunna ta kafin wata. Ka ɗauki hoton bayan kowace kanta kafin ka zare komai.

Yohanna_Barnawa:
Kafin ka sa hannu ka tambayi shugaban sashen abu biyu, a gaban dattijon. Akwai kuɗin da aka ware na kayan gyara, kuma wa ke sa hannu a fitar? Sannan wane irin wuta ɗakin yake da shi in an ɗauke ta gari? Yadda ya amsa zai nuna maka shekarunka biyar masu zuwa.

Garba_Panteka:
Ni dai ina nan a kan bakana. Amma in ka tafi, kada ka sayar da kayan aikinka, kuma ka biya wa ƙanen naka hayar shekara kafin ka miƙa masa makulli.

Baba_Mai_Soda:
Sani, dayod ɗin nan da kuka cire, a ɓangaren gada yake ko bayan regileta? In na gada ne, ka gaya wa dattijon ku canza duka huɗun, don tare suka tsufa. Kuma ku sake duba rawar bayan na'urar ta yi awa biyu a kunne, ba tana sanyi ba.

Sani_Inbata:
Na gada ne Baba. Ɗaya kawai muka canza, shi ke nan a durowarsa. Ina da irinsu a shago, gobe da safe zan kai masa uku.